Ruwa da Ciyawa a Ƙasar Damargu: Lissafin Rani da Kaka Ake Yin Shi



Darasinmu na wannan karo a kan fari ne da sha'anin ruwan bisashe. Ba mai koya wa mutumin Damargu mene ne fari. Kakanni sun bar mana labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Dattawan da ke cikinku sun ga 1973 da 1974, sun ga 1984 wadda ake ce wa El Buhari, yara ma sun san 2005 da 2010. Ƙasarmu tana bakin iyakar noma ne. Shekarar da ruwan sama ya kai milimita 300 a wajen Tanut sai mu ce an gode Allah, wata shekarar kuwa ko 200 ba ya kaiwa. Saboda haka fari zai sake zuwa, wannan ba shakka. Abin da ke hannunku shi ne lokacin da za ku yanke shawara. Mai yanke ta a watan Oktoba, da sauran ciyawa a daji da nama a jikin saniya, yana da zaɓi. Mai jira har watan Mayu, kasuwa da rijiya su ne za su zaɓa mishi.

Ku karanta damana tun tana tafiya

Yawan ruwan da ya sauka a shekara ba shi kaɗai ke yin ciyawa ba, yadda ya rarrabu ya fi muhimmanci. Ciyawar dajinmu, irin su karangiya da komayya da marak da gadagi, kusan duk ta shekara guda ce, daga iri take tsirowa kowace damana. In ruwan farko ya sauka ta tsiro, sai aka yi sati biyu ko uku ba ɗigo, tsiron ya ƙone. Irin da ya tsiro ya tafi ke nan, wanda ya rage a ƙasa shi zai fito a ruwa na biyu, kuma ba ya kai na farko kauri. Shekarar da aka yi haka sau biyu, ko da watan Agusta ya cika da ruwa, ku sa ido sosai. Haka kuma in ruwa ya ɗauke tun farkon Satumba, ciyawa ba ta kai tsawonta ba, ba ta zuba iri ba.

Wata alama ita ce irin abin da ya fito. Fili ya yi kore shar daga nesa, ka iso ka tarar tsaido ne da garmani da tumfafiya. Wannan kore na ido ne kawai, ba ya cika tumbi.

Kowace shekara kafin damana, masana yanayi na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da takwarorinsu na ƙasashen Sahel suna fitar da hasashen yadda damana za ta kasance, ana kuma faɗa a rediyo. Ku saurara, yana da amfani. Amma hasashe ne na babban yanki. Ba zai gaya muku ko hadari zai zuba a kwarin Tarka ya tsallake garinku ba. Wannan sai da ƙafa da ido, kamar yadda Fulani da Abzinawa ke tura mai duba daji kafin garke ya tashi.

Baki nawa, kwana nawa?

To, ga lissafin. Ba wuya gare shi, wanda bai iya rubutu ba ma ya iya yin shi da tsakuwa.

Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa fitowar sabuwar ciyawa mai ƙosarwa a Yuli, wata tara ne, kwana 270. A ma'aikatar kiwo muna auna bisashe da ma'auni guda, wato babbar bisa mai nauyin kilo 250. Irin wannan bisa tana cin busasshen abinci kilo 6 da ɗan ɗori kowace rana. A wata tara ya kama kilo 1,700. Raƙumi ana lissafa shi bisa guda cikakkiya. Shanu goma na garke, manya da ƙanana a haɗe, ana lissafa su takwas. Jaki biyu, guda. Tumaki ko awaki ashirin, uku.

Mu ɗauki misalin gida mai shanu 10, tumaki da awaki 30, jaki 2, raƙumi 1. Shanun takwas, ƙananan bisashen huɗu da rabi, jakai ɗaya, raƙumi ɗaya. Jimla goma sha huɗu da rabi. A ninka da 1,700, ya kusa ton 25 na abinci kafin wata damana. Yawancin mutane in sun ji wannan adadi sai su ce ai ba zai yiwu ba. Ya yiwu, don daji ne ke biyan mafi yawansa ba tare da kun gani ba. Ranar da daji ya kasa, wannan nauyi a kanku zai faɗo.

Ruwa kuma: saniya tana shan lita 20 zuwa 25 a lokacin ɗari, da bazara ta kai 35 ko 40, mai tatsa ta fi haka. Tunkiya ko akuya lita 3 zuwa 5. Jaki kamar lita 15. Raƙumi yana kwanaki bai sha ba, amma ranar da ya zo mashaya yana iya shanye lita 100. Gidan misalinmu yana buƙatar wajen lita 480 a rana, wato tano mai lita 200 biyu da rabi, ban da na sha da girki da wanka na mutanen gida. Kowa ya yi nasa lissafin haka.

Auna ciyawa

Ma'aikatan kiwo suna fita daji kowace ƙarshen damana su auna ciyawa, daga nan ake sanin ko ƙasa tana da rara ko giɓi. Ku tambayi sakamakon yankinku a ofishin kiwo na Tanut ko na Belbeji, haƙƙinku ne. Ku ma kuna iya aunawa. A sami sanda huɗu masu tsawon mita guda, a shimfiɗa su murabba'i a ƙasa, a yanke duk ciyawar da ke ciki da lauje, a shanya ta bushe, a auna. Abin da ya fito a giram a ninka da goma, shi ne kilo nawa ke cikin hekta. Giram 30 na nufin kilo 300 a hekta. Kada a auna wuri guda, kuma kada a zaɓi inda ya fi kyau. A yi wuri goma ko ashirin, tudu da kwari da faƙo, a raba.

Sai dai ba duk abin da aka auna ke shiga bakin bisa ba. Iska ta kwashe wani, gara ta ci wani, kofato ya tattake wani, wani kuma dole ya zauna ya rufe ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku kawai muke lissafawa. Ke nan hekta mai kilo 300, kilo 100 za ta ba ku, kuma babbar bisa guda sai ta ci hekta 17 kafin damana. A shekara mai albarka, mai kilo 1,000 a hekta, hekta biyar ta ishe ta.

Rijiya da abin da ke kewaye da ita

Nan ne nake so ku tsaya ku natsu, don nan ne aka fi yin kuskure, manya da ƙanana.

In aka yi maganar fari kowa ruwa yake kuka, a ƙara rijiya, a kawo famfo. Gaskiya ne rijiyoyin Damargu suna da zurfi, ta mita 60 ko fiye ba abin mamaki ba ce, kuma wanda ya yini yana kora raƙumi ko sa da igiyar wasaki ya san wahalarta. Amma a manyan fari da suka wuce, bisashe da yawa sun mutu ne kusa da ruwa, cikinsu cike da ruwa, babu abin tuƙa. Yunwa ta kashe su.

Ga dalili. Saniya ba ta iya nisa da mashaya fiye da ƙima. Mu ce kilomita 10 kowace kusurwa. Wannan da'ira hekta 31,400 ce. A shekarar kilo 300, abin da za a ci a cikinta bai wuce na manyan bisashe 1,850 ba, kuma wannan in duk daji ne. A wajen Gangara kun san gonaki sun ci babban rabo. Yanzu ku dubi rijiyar siminti mai jigo huɗu. In wasaki yana ɗaukar lita 40, ana fitar da shi kowane minti uku, jigo guda yana ba da lita 800 a awa, huɗu 3,200. In aka yi awa goma ana ja, kuma idon rijiyar ya jure, lita 32,000 ke nan, ruwan shanu kamar dubu. Kun ga ruwan da ciyawar sun yi kusan daidai. Wahalar ja ita ce ke tsare dajin.

Famfon burtsatse mai inji, wanda muka fi sani da foraj, yana iya shayar da bisa dubu biyar ko fiye a yini. Labari ya bazu, garkuna su taho daga ko'ina. Ciyawar da za ta kai mutum Yuli ta ƙare a Fabrairu. An ga haka a manyan famfunan da aka gina a yankin kiwo na arewacin Tawa a shekarun 1960: an ƙayyade yawan bisashen da kowane zai ɗauka, ba a iya tsare ƙa'idar ba, da farin 1973 ya zo kewayensu ya zama faƙo. A yankin Ferlo na ƙasar Senegal har wata cuta aka sa wa suna ciwon foraj. Shanun da suka daɗe wuri guda suna rasa sinadarin ƙashi a abincinsu, sai su riƙa tauna ƙasusuwan mushe, gubar da ke ciki ta shanye musu ƙafafu. In kun ga saniya tana tauna ƙashi ko tsumma, jikinta ne ke neman abin da ya rasa. A ba ta gishiri da kanwa da dutsen lasa, a kuma kwashe mushe daga makiyaya.

Ban ce famfo mugun abu ba ne. Garin da mata ke kwana a bakin rijiya yana buƙatarsa. Abin da nake cewa, duk inda za a buɗe sabon ruwa na bisashe, a fara tambaya: ciyawar wa za a ci, kuma wa zai ce ya isa? Shi ya sa dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa tazara tsakanin mashaya a yankin kiwo: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin famfunan burtsatse.

Daga nan kuma ake gane tsarin da ya kamata a bi wajen cin daji. Muddin akwai ruwa a tabki, a ci ciyawar nesa, wadda ba a iya kaiwa sai da ruwan tabki. Ciyawar da ke kewaye da rijiyar da ba ta ƙafewa, ita ce rumbun bazara, a bar ta sai ƙarshe. Iyayenmu haka suke yi. Yanzu sai ka ga garke ya sauka bakin rijiya tun Oktoba don sauƙi, ya cinye na kusa lokacin da shanu ke da ƙarfin tafiya, sannan a watan Mayu, da ba su iya ɗaga ƙafa, a ce su yi kilomita goma sha biyar neman abinci. Wannan magana ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai maigari da arɗo da shugabannin rukunin makiyaya sun zauna sun yarda, don in ɗaya ya bari ɗaya ya ci, ba wanda zai sake bari.

Gyaran rijiya kuwa da ɗari ake yi. A yashe ta, a gyara bakinta, a toshe tsagar kwami, a tanadi igiya da wasaki na canji. Kwamin da ke yoyo, ruwan da aka sha wuya aka jawo daga mita 60 yake mayar wa ƙasa, kuma caɓin da ke taruwa nan ne cuta ke zama. A nisanta kwami daga bakin rijiya, kada kashi da fitsari su koma ciki.

Tabki

Rana da iska suna shan tabki fiye da yadda ake zato. Da iskar ɗari yana raguwa da wajen milimita 6 ko 7 kowace rana, da bazara ya kai 10. Tabki mai zurfin mita guda, ko bisa ɗaya ba ta sha ba, da ƙyar ya wuce wata huɗu ko biyar. Don haka in za a yi aikin gayya ko aikin taimako a tabki, zurfafa shi ya fi faɗaɗa shi amfani. Sai dai a kula kada a huda laka mai riƙe ruwan a kai ga yashi, ruwan ya tsiyaye ƙasa. Ƙasar da aka haƙo a kai ta nesa da baki, in ba haka ba ruwan farko zai maido ta.

Ruwan ƙarshe na tabki, wanda ya yi kauri ya yi wari, ku hana bisashe. Tsutsar ciki ce da zawo, kuma saniya mai rauni in ta kafe a taɓo da wuya ta fito. Bisar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta kusa da ruwa. Yana iya zama ciwon saifa, yana kama mutum, kuma ƙwayarsa tana shekaru a ƙasa. A ƙone ko a rufe da zurfi, a sanar da ma'aikacin kiwo.

Shayarwa

Da ɗari shanu manya suna jure shan ruwa kwana ɗaya a tsallake ɗaya, kuma hakan yana ba su damar kaiwa ciyawa mai nisa. Amma masu tatsa da masu tsohon ciki da maruƙa da raunana, kullum za su sha. In zafi ya tsananta a Afrilu da Mayu, tsallake kwana yana rage cin abinci, don bisar da ke jin ƙishi ba ta cin busasshiyar ciyawa. A yi tafiyar mashaya da sanyin safe ko da yamma. Garken da ya zo da ƙishi mai tsanani a shayar da shi kashi-kashi, raunana da farko, kafin manya su ture su. Maraƙin da ya yi ƙishi ya sha ruwa ya wuce kima yana iya yin fitsarin jini, a ba shi kaɗan, a dakata, a ƙara.

Abin da doka ta ce

Dokar 1961 ce ta shata iyakar noma ta arewa, dokar 2010 ta sake tabbatar da ita. Kundin dokokin karkara na 1993 ya ba makiyayi haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali da rijiyar da ya gina, amma fifiko bai zama mallakar da za a hana baƙo ruwa ba. Mai rijiya ya fara sha, baƙo ya bi layi, a yi yarjejeniya kan kwana nawa zai yi. Wannan yarjejeniya ita ce hanyar da mai rijiya ke kare ciyawarsa, a yi ta da mutunci, don wanda ya sauke baƙo bana shi ne baƙo baɗi. Burtali da hurumin kiwo da hanyar zuwa tabki ba a noma su. Dokar 2010 ta kuma sa ƙa'ida kan kwasar ciyawa don sayarwa, ta hana kwasarta a kewayen rugage. In rigima ta taso a kai ta gaban sarakuna da kwamitin kula da filaye, wato Kofo, na gari ko na karkara, tun ba a zare sanda ba. Ranar sakin gonaki kuma hukuma ce ke sa ta, a jira ta.

Mai niyyar yin kudu in daji ya kasa, ya tashi da wuri, da takardun allura a hannu, kuma kada ya ɗora duk dogaronsa a kan hanya guda. A 1984 iyakar Najeriya a rufe take lokacin da aka fi buƙatarta. An sake rufe ta daga tsakiyar 2023 zuwa Maris 2024. Ga kuma rashin tsaro a wasu dazuzzukan da aka saba zuwa.

Rage garke

Na san wannan ita ce maganar da ba a son ji. Saniya ba kaya ba ce kawai, wata ta gado ce, wata ta haɓɓanaye ce da aka ba ka amana. Amma in lissafi ya nuna abincin bisa goma ne kuma kana da goma sha biyar, biyar ɗin nan za su fita ko ta kasuwa ko ta mushe, kuma kafin su mutu sun cinye rabon sauran.

Da kaka bisa tana da nama, hatsi yana da araha, dusa da ƙwayar auduga ba su yi tsada ba. Da bazara duk abin juyewa yake. A 2010 an ga saniyar da aka sayar a kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, wata ma ba ta kai kasuwar ba. Ƙungiyoyin agaji sun sayi raunana sun yanka sun raba nama, an gode musu, amma wannan ceton abin da ya rage ne.

A fara fitar da guzuma mai zubabben haƙori, da juya, da wadda ta yi shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba, da bijimai da raguna da bunsuran da suka wuce buƙata. A riƙe karsana da matasan shanu masu haihuwa, da bijimi ɗaya nagari, da bisar jan ruwa. A kai kasuwar Tanut ko Belbeji ko Bakin Birji tun dillalan da ke lodi zuwa Najeriya suna neman mai ƙiba. Kuɗin kuma kada ya kwana a aljihu, biki da buƙata za su cinye shi. A mayar da shi hatsi na gida da abincin bisashe nan take. Wanda garkensa duk shanu ne, ya yi tunanin mayar da wani kashi awaki ko raƙuma. Su suna cin ganyen kandili da aduwa da jiga da anza lokacin da ƙasa ta zama fili, kuma akuya tana saurin mayar da garke bayan fari.

Gona ma rumbun bisashe ce

Ku masu noma, iri mai saurin nuna ya fi dacewa da gajeren ruwanmu: Ankutes namu na Damargu, ko HKP na cibiyar binciken noma ta INRAN, da wake irin TN 5-78 mai ba da ƙwaya da harawa. In kun ga hatsi ba zai yi ba, kada ku bar shi ya bushe a tsaye, ku yanke shi da sauran ɗanyensa ku shanya a inuwa, ya fi busasshen kara amfani nesa ba kusa ba. Amma hattara da ƙaramar dawa da fari ya tsumburar, da gyauronta. Ɗanyarta tana da guba mai kashe bisa cikin ɗan lokaci, sai ta bushe sarai ake ba da ita.

Harawa a ɗaure ta tun ganye bai zube ba. Kara da ciyawa a ɗora su a rumfa ko a rufe, rana da gara suna rage su. Kada kuma a share gona ƙaf, a bar wani kara a kwance ya tare iska. Ƴaƴan gawo da na kandili a tara su a buhu, abinci ne mai ƙarfi. Tsiron itatuwa da ke fitowa a gona a gyara shi a bar shi, wato sassaben zamani da mutanen Maradi suka fara tun shekarun 1980. Faƙon da ba ya shan ruwa a yi masa rabin wata a watsa irin ciyawa, a hana bisashe shiga damana biyu.

Busasshiyar ciyawa ana iya ƙara mata ƙarfi da takin ure. A narka kilo 5 na takin a ruwa lita 50, a yayyafa wa ciyawa ko yankakken kara kilo 100, shimfiɗa bayan shimfiɗa ana tattakewa a rami ko ɗakin laka, a rufe ruf kada iska ta shiga, sati biyu zuwa uku. In an buɗe a bar ta ta sha iska kafin a ba da. Ta masu tuƙa ce kawai: ban da jaki, ban da doki, ban da maraƙin da bai fara tuƙa ba. Kada a taɓa ba bisa takin kai tsaye ko ruwansa, kisa yake yi. Karon farko ku kira ma'aikacin kiwo ya tsaya a kai.

Sai gobara. Shekarar da ciyawa ta yi kyau ita ce shekarar wuta, kuma dare ɗaya ya isa ta cinye abincin wata tara. A share hanyar tare wuta mai faɗin mita 15 zuwa 20 tun Oktoba, a gicciye wa iskar gabas. Ciyawar da aka share a kwashe ta a ajiye, kada a bar ta a gefen hanyar.

Bazara da ruwan farko

Allurar rigakafi ta ciwon huhun shanu da ta annobar tumaki da awaki a yi ta lokacin da ma'aikata suka fito, tun bisashe na da ƙarfi, don taruwa a bakin rijiya ita ke yaɗa cuta. Maganin tsutsar ciki a ba da shi a ƙarshen damana.

Ƙarin abinci kada a jira sai saniya ta kwanta. Wadda sai an ɗaga ta da sanda, ko an ba ta dusa da wuya ta tashi. A fara tun an ga ƙashin ƙugu ya fito, kilo 1 zuwa 2 na dusa ko ƙwayar auduga a rana, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. In abincin bai isa kowa ba, kada a raba shi daidai, a zaɓi waɗanda ake son su kai damana a ba su ya ishe su. A rage tatsa a bar wa maraƙi. Garin da ke da bankin abincin bisashe, kwamitinsa ya cika shi da kaka, ba sai farashi ya tashi ba. A zuba abinci a kwami ko a kan buhu. Saniya mai yunwa tana lasar guntun ciyawa har da yashi, yashin ya taru a tumbi ya toshe shi, haka ma leda.

Ruwan farko shi ne gwaji na ƙarshe, kuma a 2010 ya kashe bisashe da yawa da suka riga suka jure rani duka. Bisa mai rauni ba ta jure dukan ruwa da sanyin dare. Busasshiyar ciyawar da ta rage ruɓewa take, sabon tsiro kuwa kusan duk ruwa ne, shanu su yi ta bin sa suna ƙona ƙarfin da ba su da shi, zawo ya biyo baya. Marak ɗanye in aka ci shi da yunwa yana kumbura ciki. Saboda haka a cikin abin da kuka ajiye, ku ware na sati uku ku ɓoye shi don wannan lokaci. Ku kawar da raunana daga kwari da hanyar ruwa in hadari ya taso, ku ba su busasshen abinci da safe kafin su fita, har sai sabuwar ciyawa ta kai tsawon da saniya za ta naɗe ta da harshe.